Kwandon Sallah daga Tudun Wada: abin da na gani a aikin wata Hajiya a shekarar kulle

Na haihu ranar goma sha biyu ga watan azumin shekarar 2020, lokacin da dokar kulle da gwamnatin jihar Kaduna ta kafa saboda annobar korona tun ƙarshen watan Maris ta riga ta haura wata guda. An raɗa wa jaririyar suna a falonmu da ke unguwar Hanwa a Zariya, daga mahaifinta sai maƙwabta biyu da suka tsaya nesa da juna da takunkumi a fuska, babu taron mata, babu 'yan barka, kuma mahaifiyata da ke cikin birni ba ta ga jikarta ba sai a hoton waya. Da Sallah ta matso, abin da ya fi damuna shi ne kwanukan da muka saba aikawa gidajen iyaye da 'yan uwa kowace shekara, domin mai jegon da ba ta cika mako uku ba ba za ta tsaya gaban kasko tana suya ba, ƙanwata kuwa da ke zuwa taya ni aiki tana Gyallesu ba ta da hanyar isowa. A wannan hali ne wata abokiyar aikina ta ba ni lambar wata Hajiya a Tudun Wada da ke haɗa kwandon Sallah, tana kuma kai wa mutum har ƙofar gidan da ya ce a kai. Tun daga lokacin na yi hulɗa da ita sau da yawa, amma a kan aikin wannan shekarar nake so in yi bayani, domin a cikin ƙunci ake gane gaskiyar mai sana'a.

Tsarin aikinta ba shi da wuyar ganewa. Ana kiranta a waya a faɗi yawan kwandunan da gidajen da za a kai, a tura kuɗi ta banki, ita kuma ta sa ɗanta ya rarraba da tsohuwar motarsa. Wahalar tana wajen lokaci. A wancan zamani kwana biyu kacal ake sassauta doka a mako domin mutane su fita sayen abinci, an kuma hana acaɓa da Keke Napep zirga-zirga, saboda haka ba zai yiwu a kai tuwo da miya da zafinsu ranar Idi ba. Dole kayan su isa kwanaki kafin Sallah, su kuma jure zafin watan Mayu a gidajen da wutar lantarki ba ta da tabbas. Hajiya ta fahimci wannan sarai, shi ya sa ta cire duk abin da ke saurin lalacewa, ta tsaya a kan alkaki, dublan, cincin, nakiya, dambun nama da soyayyar kaza. Na yi odar kwando huɗu a kan naira 6,000 kowanne: na mahaifiyata a Kwarbai, na surukata a Tudun Jukun, na ƙanwata, da namu na gida. Kuɗin ya yi mana nauyi, domin shagon maigidana da ke kasuwar Sabon Gari yana rufe tun farkon kulle, amma da na lissafa kuɗin alkama da mai da nama a farashin wancan watan, sai na ga ribar da ta ɗora ba ta wuce kima ba.

Alkakinta shi ne abin da zan fara yabawa, kuma har yau ban ci wanda ya fi shi a Zariya ba. Da alkama ta gaske take yi, ɓarzajjiya, ba ta haɗa ta da fulawa don ta ƙara auki, tana kuma barin kwaɓin ya kwana har ya ɗauki ɗan tsamin nan da ke hana zaƙi ya gundiri mai ci. Ruwan sukarin da take tsoma shi ciki ya dahu daidai, an tsinka shi da tsamiya, saboda haka ya ratsa har tsakiya ba tare da ya daskare a sama ya yi fari ba. Bayan kwana goma na ɗauki na ƙarshe a cikin roba, bai yi tauri ba, bai yi warin mai ba. Nakiyar ma ta yi kyau, an ji citta da kanumfari da masoro da man shanu, ko da yake ga ɗanɗanona kimbar ta ɗan yi yawa. Dambun naman ya daku ya soyu har ya bushe, kamar auduga a hannu, kuma na sa ne zalla, ban ga alamar an cika shi da albasa don ya kumbura ba. Cincin da dublan kuwa irin waɗanda ake samu ko'ina ne, ba su da aibi, ba su kuma da abin da za a tuna.

Kazar ce ba ta yi ba. Don tsoron kada ta lalace kafin Sallah, an soya ta har ta ƙeƙashe, ta yadda surukata, wadda haƙoranta suka yi rauni, sai da ta sake jefa ta cikin miya kafin ta iya ci. Na fahimci dalilin, amma da Hajiya ta gaya mini tun farko da na ce ta musanya kazar da ƙarin dambu. Kuskure na biyu ya fi wannan girma. Mahaifiyata tana fama da ciwon suga, don haka na roƙa a rage kayan zaƙi a kwandonta a ƙara nama, Hajiya ta amsa, ta kuma yi hakan, sai dai babu rubutu a jikin kwandunan, ɗanta ya kai na Kwarbai Tudun Jukun, na Tudun Jukun ya kai Kwarbai. Na kira wayarta sau biyar a wannan yammacin ba a ɗauka ba. Sai bayan sallar isha ta kira ni da kanta, ta ce: “Maman jaririya, ki yi haƙuri don Allah, laifina ne ba na yaron ba. Gobe da sassafe zai kai wa Inna nata, wanda ke hannunta kuma ta raba wa jikoki, ba sai an dawo da shi ba.” Washegari, ranar ƙarshe ta sassaucin wannan makon, ta cika alkawari, ba ta kuma karɓi ko kwabo a kai ba.

Wannan komawar ta biyu ce ta jawo abin da ban biya kuɗinsa ba, wanda kuma shi ne dalilin da ya sa nake wannan rubutu. A al'adarmu ba a mayar da kwano wayam. Da yaron ya isa Kwarbai, Inna ta tsayar da shi a zaure, ta fito da ƙullin yajin jego da ta daka da hannunta tun kafin in haihu, da kanwa, da gero surfaffe na kunu, da daddawa, da wani ɗan zanen goyo da ta goya ni da shi, ta tambaye shi ko zai bi ta Hanwa. Ba hanyarsa ba ce, daga cikin birni zai fita ta Ƙofar Doka ya wuce Tudun Wada gida, amma ya kira mahaifiyarsa, ta ce ya kai. Daga baya na ji cewa haka ya yi wa gidaje da dama a wannan ranar, yana ɗauko saƙon tsofaffi yana kai wa 'ya'yansu, har ya kusa makara a hanya. Ya ajiye ƙullin a bakin ƙofarmu ya ja da baya, ya ce: “Anti, Inna ta ce a gaishe ki da jiki, ta ce kada ki yi wasa da ruwan zafi, kuma a shafa mata kan takwararta.”

Sallar ta kama ranar Lahadi, 24 ga Mayu. Ba a je filin Idi na Ƙofar Doka ba, ba a yi hawan Sallah ba, balle hawan Bariki da hawan Daushe da yarana ke ɗokin kallo kowace shekara, kuma babu wanda ya san cewa Mai Martaba Sarkin Zazzau Alhaji Shehu Idris, wanda ya hau gadon sarauta tun 1975, zai rasu a watan Satumbar shekarar. Maigidana ya ja mu sallah raka'a biyu a tsakar gida, bayan ya auna zakkar fidda kai ta mutum shida, har da ta jaririyar da ba ta cika kwana ashirin ba. A shekarun baya da ya dawo daga Idi yake ficewa gaishe-gaishe, ba na sake ganinsa sai dare, ni kuma ina kicin daga asuba har la'asar, ban taɓa zama na ga yadda yarana ke cin abincin Sallah ba. A wannan shekarar shi ya dafa shinkafar, ta kuwa caɓe, babbar 'yarmu mai shekara tara ta dama mini kunun kanwa da geron Inna ina gaya mata yadda za ta yi daga kan tabarma, muka buɗe kwandon Hajiya muka zauna a kansa mu duka. Labaran mace-macen da aka yi ta ji daga Kano a watan Afrilu ba su bar kunnenmu ba, ga shi muna da dangi a can da dokar hana shiga tsakanin jihohi ta raba mu da su. Da na ƙirga mutanen da ke kan tabarmar na ga babu wanda ya ragu, har an samu ƙari, sai na yi hamdala irin wadda ban taɓa yi a ranar Sallah ba. Da yamma muka kira Inna ta bidiyo a wayar ɗan maƙwabcinta, tana riƙe da dambun da aka sake kai mata, tana yi wa maigidana tsiya a kan shinkafarsa.

An sassauta kullen a watan Yuni, bayan kwana 75, kuma Hajiya ta ci gaba da sana'arta. Yanzu tana rubuta suna da unguwa a jikin kowane kwando, ta ƙara waina da miyar taushe ga wanda ke son a kai masa ranar Idi, farashinta kuma ya tashi kamar na kowa. Matsalar waya dai tana nan, musamman a goman ƙarshe na azumi, lokacin da aiki ke yi mata yawa, saboda haka wanda ke son kwandonta gara ya yi magana tun kafin azumi ya raba tsakiya, ya kuma turo saƙon rubutu bayan kiran domin a samu shaidar abin da aka yi yarjejeniya a kai. Idan akwai tsoho a cikin waɗanda za a kai wa, a ce mata ta sassauta suyar kazar, ko a bar kazar gaba ɗaya a ninka dambu. Ni kam tun da na samu ƙarfi na koma yin cincin da dublan da kaina, amma alkakin gidanmu da na Kwarbai daga Tudun Wada yake zuwa kowace Sallah, kuma ɗan Hajiya ba ya barin zauren Inna sai ya tambaya ko akwai saƙon Hanwa.