Cefanen kwaɗo da salak a Legas: abin da za a sayo a Mile 12 da abin da za a bari sai bakin layi

Kafin uwargida ta yanke inda za a yi cefanen kayan lambu a Legas, tambaya biyu ce ke raba gardama. Ɗanye za a ci abin, ko sai ya ga wuta? Kwana nawa kuma zai yi a gida kafin a ci? Garin nan ba ya rabuwa da laima ko da rani, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce, shi ya sa kayan da zai yi mako lafiya lau a Kano ko Zariya, a Agege ko Idi-Araba kwana uku ya ishe shi ya fara ruwa. Yawancin asarar a kicin ake yin ta, bayan an lodo kaya don an ga sauƙi. Araha dai ba ta ado.

Mile 12, da ke kan hanyar Ikorodu gaba da Ketu, nan manyan motocin Arewa ke sauke tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, karas da kabeji, kuma yawancin masu kasa kaya a unguwanni daga can suke sarowa. Farashi ya fi sauƙi, kayan kuma bai kai ga kwana a hannu na biyu ba. Amma ki haɗa da kuɗin mota, da ladan ɗan dako, da cunkoson hanya, da taɓon damina. Wanda ya taso daga Alaba Rago ko Obalende don tumatir cikin robar fenti ɗaya bai ci ribar komai ba. Tafiyar tana biya ne idan gida uku ko huɗu sun haɗa kuɗi sun ɗauki kwando guda sun raba, ko kuma abin da za a sayo mai jure ajiya ne, irin albasa da kabeji. A tafi da sassafe, kafin rana ta bugi kayan.

Tumatir shi ne inda aka fi cutuwa. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuma kwanduna a jibge suke zuwa, wani kan wani, na ƙasa na ɗauke da nauyin na sama. Kiret ɗin roba kuwa gefensa ne ke ɗaukar nauyin, don haka tumatirin ciki ba ya matsewa. In na salak kike nema, na kiret ya fi, ko da ya ɗara tsada. In kwando za a ɗauka, kada a tsaya ga na saman da aka jera masu kyau. A ce, “Malam, ɗan karkata mini in ga ƙasan.” Gindin kwando a jiƙe, ƙudaje na bi, ko wani tsami-tsami na tashi, duk alamar na ciki ya fashe ne. Irin da ya dace da yanka shi ne dogon nan mai tauri da ake kira UTC: tsokarsa kauri, ruwansa kaɗan, ba ya jagwalgwala kwano. Da an iso gida a zazzage a ware. Masu tauri a shanya su a faranti, wajen hancin yana kallon ƙasa, ba a cikin leda ba. Waɗanda suka nuna sosai ko suka tsage a markaɗa a tafasa a ranar. Wanda ya yi furfurar ruɓa ko baƙin tabo a zubar gaba ɗaya. Fasasshen da ake kasawa da arha, wanda ake kira esha a kasuwannin Legas, bai da wuri a abincin da za a ci ɗanye, kuma in ya riga ya yi furfura, tafasa ba ta cire dafin da ke cikinsa.

Lokaci ma yana canza lissafin. Daga Disamba zuwa Afrilu tumatirin noman rani na Kadawa da Kura a Kano, da na Danja a Katsina, yana cika kasuwa, kuma a nan ne sayen kwando ke da ma'ana. Daga Mayu zuwa Yuli yakan yi ƙaranci ya yi tsada, wani lokaci ga tsutsar tumatir irin wadda ta cinye gonaki a 2016. Na Kudu da ke fitowa da damina ruwa gare shi da tsami, ya yi a miya, a salak kuwa narkewa yake. A waɗannan watanni mun fi ba da shawarar a sayi uku ko huɗu masu tauri a bakin layi don kwaɗo, miya kuma a haɗa da kauɗar tumatir da tattasai.

Sai ganye. Latas ya fi kowa daɗin ci ɗanye, ya kuma fi kowa rashin haƙuri: ba firij, kwana ɗaya ne. Wani daga cikin wanda ake sayarwa a nan cikin Legas ake noma shi, a lambunan wajen Ojo da Iba, don haka yakan zo sabo, sai dai ido ba ya gane irin ruwan da aka yi ban ruwa da shi, ganyen kuma a buɗe yake, komai na taɓa shi. Kabeji, wanda mafi yawansa daga Jos yake zuwa, a dunƙule yake girma, kina ɓare ganye biyu ko uku na waje kin rabu da yawancin datti. Yana yin mako ba firij muddin ba a yanka shi ba. Ɗauki shi ki ji nauyi, ki matsa ki ji tauri, ki duba gindin: fari ne in sabon yanka ne, in ya yi ruwan ƙasa ya kwana biyu. Wanda kika gani fari fat ƙarami ba ganyen waje ko ɗaya, sau da yawa tsoho ne da mai kaya ya yi ta ɓarewa kullum. Ga gidan da babu tsayayyiyar wuta, kabeji ne abin saye da yawa, latas kuma ɗauri ɗaya ranar da za a ci.

Mu dai a wajenmu, daga Mayu zuwa Oktoba kwaɗon dafaffen ganye ya fi salak. Ya fi sauƙin kuɗi, ya fi riƙe ciki, kuma tafasar tana kashe ƙwayoyin cutar da wanki ba ya gamawa da su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ruwa ke ambaliya ya haɗe da kwata, wanda ko a Yunin 2024 sai da aka yi fama da kwalara.

Zogale kala uku ake samu. Ɗanye ya fi ɗanɗano, amma in ya kwana a leda sai ya yi zafi ya yi rawaya ya zube daga jikin itacensa, don haka ranar da aka saya ranar ake dafawa. Dafaffen da ake talla yana rage aiki, sai dai ba ki san awa nawa ya yi a rana ba. In kin saya, ki sake tafasa shi minti 5. Busasshe shi ne ya fi dacewa da zaman Legas. Ana samunsa wajen 'yan uwanmu masu kayan miya a Agege da Mile 12. Ki zaɓi wanda ke kore shar, domin wanda ya koma ruwan ƙasa a rana aka shanya shi ko ya tsufa. Ki damƙa ki ji yana rugurgujewa, ki shinshina ba warin laima, a gida kuma ki juye shi a kwalba mai murfi. Na mutum huɗu: busasshen zogale kofi 3, a wanke sau biyu saboda yashi, a dafa minti 25 zuwa 30 har ya yi laushi, a tsane, a matse da hannu, a bar shi ya huce. A dama garin ƙuli-ƙuli kofi 1 da rabin kofi na ruwan ɗumi har ya yi kaurin kunu, a sa man gyaɗa cokali 2, gishiri, attaruhu 1, sannan a cakuɗa da albasa 1 da tumatir 2. In kwaɗon ya tsinke, ba a matse ganyen ba ne. In ya yi saurin tsami, da zafinsa aka haɗa aka rufe. Masu jefa kanwa don ya yi saurin dahuwa su rage hannu: tana dagargaza ganyen, tana kuma lalata wani ɓangare na bitamin ɗinsa.

Rama da damina tana da arha; minti 10 a wuta, a zubar da ruwan farko, in tsamin ya yi yawa a sake wani. Lansir na lokacin sanyi ne, ɗanye ake cinsa, kuma ba ya son doguwar tafiya, in kin dace da mai kyau a ci a ranar. In duk waɗannan sun yi wuya, ugu, ganyen miyar nan na 'yan Kudu, yana ko'ina, daga Oyingbo har bakin layinku, ya fi alayyahu jure ajiya, kuma in aka yanka aka tsoma shi a tafasasshen ruwa minti 3 aka matse, yana karɓar ƙuli sosai.

Ƙuli-ƙulin kansa sai an zaɓa. Na kwaɗo shi ne marar sukari. Mai sukari da citta na taunawa ne. Karya ɗaya: mai kyau yana ɓallewa da ƙara, cikinsa launi ɗaya. Wanda ya yi laushi ya sha laima, mai ɗaci ko warin tsohon mai kuma a bar wa mai shi, domin gyaɗar da ta yi furfura tana ɗauke da dafi mai illa ga hanta. A sayi na mako biyu, a daka iya na ranar. Bama kuwa, da zarar an buɗe kwalba sai firij, kuma salak ɗin da aka cakuɗa da ita bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba. Wanda ba shi da firij ya haɗa man gyaɗa cokali 3, ruwan lemun tsami cokali 1 da ɗan gishiri, ya zuba daf da za a ci.

Manyan kantuna masu sanyi sun fi ga latas da koren tattasai in aljihu zai ɗauka. A duba ledar kada ta tara gumi a ciki, kuma shi ma sai an wanke.

Wankin kuwa ba jiƙawa a ruwan gishiri kaɗai ba ne. A ware ganyen ɗaya-ɗaya, a wanke da ruwan da za a iya sha, a jiƙa minti 10 a ruwa kofi 3 da binega kofi 1, a ɗauraye, a tsane. Wannan yana rage ƙwayoyin cuta, bai kai tafasa ba. A wanke kafin a yanka, kuma da wuƙa da katakon da bai taɓa ɗanyen nama ba. Karas da kokwamba a kankare bayansu. Karas ɗin da ba a wanke ba, mai ƙasarsa, ya fi wankakken da ake ta yayyafa wa ruwa daɗewa. Kokwamba kada a ajiye ta kusa da tumatir ko ayaba, tana saurin yin rawaya.

Abin taɓawa na yara a bi kaka: agwaluma daga Disamba zuwa Afrilu, mangwaro daga Maris zuwa Mayu, ɗanyar masara da dafaffiyar gyaɗa da damina. Kasuwar 'ya'yan itatuwa ta Ketu tana kusa da Mile 12, ana iya haɗa tafiyar. Kankana, abarba da gwanda a saye su da ɓawonsu a yanka a gida, domin yankakkun da ke cikin leda ba a san ruwan da aka wanke wuƙar da shi ba. In kankana guda ta fi ƙarfin gidan kuma ba firij, a ɗauki ƙarama ko a raba da maƙwabta a ranar, don yankakkiya ba ta kwana.