Wata huɗu da kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira a biro

Sakatare ne ni a wata ma'aikatar gwamnati a nan Damagaram. Wata huɗu ke nan da aka sauya mana kwamfutoci, sababbin kuma sun zo da mataimaki na ƙirƙirarriyar basira a cikinsu. Maɓalli guda za ka taɓa, ya buɗe, ka rubuta masa abin da kake so.

Inda ya burge ni shi ne wasiƙar aiki da Faransanci. Wanda ya taɓa rubuta wa gwamna ko parpe (shugaban gunduma) takarda ya san wahalar gaisuwar buɗewa da ta rufewa. Yanzu layi uku nake ba shi, ya fito da wasiƙa tsaf, ni kuma in rage mata kitse, don yana da surutu. Rahoton wata-wata da ke cinye mini yini biyu, kafin azahar na gama. Jadawalin da ke zuwa daga Mirriya, Magarya da Tanut ma yana haɗa su ba gardama.

Hausa ce ta kwance masa zani a kasuwa. Taronmu a cakuɗe ake yinsa, a fara da Faransanci a ƙare da Hausa. Ran nan na ba shi bayanin wani taro ya mayar Faransanci. Wata hajiya ta ce ana karɓar dala ɗari wurin kowace mace, wato faran 500, tunda dala a wurinmu faran 5 ce. Shi kuwa gogan sai ya rubuta dalar Amurka 100! Allah ya sa na sake karantawa kafin takardar ta kai teburin shugaba. Da ya sa hannu, ni za a kira, ba na'ura ba. Ƙasar da ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, ai bai kamata mataimakin biro ya kasa lissafin kasuwar Dole ba.

Sai maganar rezo, wato layin intanet. Akwai wani ɗan guntu a cikin na'urar da ke yin ƙananan ayyuka ba intanet, amma rubutu mai tsawo sai ya aika tambayarka can manyan kwamfutoci a ƙasar waje. In rezo ya tafi, ya zama kurma. Batirin dai yana jure ɗaukewar wuta, wannan na yaba.

Wannan aikawar zuwa ƙasar waje ce ta fi damuna. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, shi ya sa ba na zuba masa sunayen ma'aikata, albashinsu ko takardun asibiti. Abokin aikina ya ce tsoro ya yi mini yawa. Na ce masa, "Malam, ranar da aka rubuto mana a takarda inda bayanan ke kwana, zan saki jiki."

Har yau takardar ba ta iso ba, don haka wasiƙa, rahoto da jadawali kawai nake ba shi.