Wane inji za ka dasa wa motar gasa idan kuɗinka ƙidayayye ne?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan gari da la'asar yana kallon samari suna zagaye filin jar ƙasa ana riƙe musu agogo, ya san abin da ke biyo baya. Za ka koma gida ka dubi tsohuwar motar da ke kwance a ƙofar gida, ka fara lissafi. Jiki akwai, taya akwai, ƙarfi ne babu. Daga nan sai maganar dashen inji ta taso a majalisa, kowa da gwaninsa. Sau biyu na bi wannan hanya a nan Maradi. Ta farko ta ci mini kuɗin da har yau nake jin zafinsa, ta biyu kuwa ita ce motar da nake shiga fili da ita yanzu.

Gwanina shi ne injin BMW mai suna M50, na lita 2.5, a cikin jikin BMW ɗin da ake kira E36, wadda aka fara ƙerawa a 1990. Ana samun jikin 316i ko 318i, wato samfuran E36 masu ƙaramin inji, da injinsa ya mutu da araha, don babu mai son ɗawainiyarsa. Motar da tayoyin baya take turawa, abin da kake buƙata ke nan a ƙasa mai santsi idan kana son ka karya kwana da totur. Babban abin kuma, kamfanin da kansa ya sa wannan inji a wannan jiki, a 325i. Saboda haka babu yanka, babu walda, babu rokon mai walda ya ƙirƙiro maka ƙafar inji da ido. Ka nemo ƙafafun inji da radiyeta na mai silinda shida, ka ɗaura. Hatta akwatin giyar hannu na 318i yana kama bayan M50, ko da yake na 325i ya fi jure duka.

Shi injin silinda shida ne a jere, bawul 24, ƙarfin doki 192. Sarƙa ke juya shi a ciki, ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewar bel a tsakiyar fili. Amma abin da ya sa na mutu a kansa shi ne gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, kana kuma riƙe da totur a giya ta biyu mintuna da yawa ba iska mai shiga radiyeta, baƙin ƙarfe yana yafe maka kuskuren da alminiyom ba ya yafewa. Iri biyu ne: na farko mara VANOS, da wanda aka fito da shi daga 1992 mai VANOS, wato na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul don ƙara ƙarfi a ƙasa-ƙasa. Dukansu suna da kyau. Mara VANOS ya fi sauƙin sha'ani ga makanikenmu, mai VANOS ya fi daɗin fita daga kwana.

Za a ce maka ka ƙara kuɗi kaɗan ka ɗauki ƙanensa M52 na lita 2.8, wanda ya fi shi karfin ja. Gaskiya ne ya fi shi. Sai dai na Turai da aka yi kafin 1998 jikinsu alminiyom ne da aka shafe cikin silindarsa da wani sinadari mai suna Nikasil, kuma fetur mai yawan farar wuta yana cinye shafen nan, abin da ya addabi masu irin motar a Ingila. Mu da rabin man da muke sha daga kwalaben ƴan ruwa-ruwa yake, ba ka san daga ina ya fito ba, ban ga dalilin yin wannan caca ba. Idan shafen ya tafi, babu mai gyara maka shi a Maradi.

M50 yana da aibi, kuma duk a wajen ruwa yake. Fanfon ruwansa na asali farfelarsa ta roba ce, tana tsagewa ba sallama. Wuyan radiyeta na roba ne, gidan tamostat ma haka a yawancinsu. Kafin ka tayar da shi karo na farko, canza su duka, ka nemi fanfo mai farfelar ƙarfe. Kada ka yarda a cire maka tamostat a jefar kamar yadda aka saba a garejinmu, kuma kada a zuba ruwan rijiya zalla. Akwai kuma notin da ke riƙe da haƙorin fanfon baƙin mai, wanda kan kwance idan ana yawan kai inji ƙarshen juyinsa. Tun injin yana ƙasa, a buɗe tukunyar mai a ɗaure notin nan da waya. Aikin awa ɗaya ne. A ƙarƙashin tukunyar kuma a sa farantin ƙarfe, don E36 gajera ce, dutse ɗaya ya isa ya fasa ta.

Sauran fa? Toyota 1UZ, mai silinda takwas na Lexus LS400 da ya fito a 1989, inji ne na kirki, doki wajen 250, ba ya mutuwa da wuri. Matsalarsa da giyar otomatik yake zuwa, kuma haɗa shi da giyar hannu zai ci maka kuɗin wani injin. Shi kuwa 2JZ, wani injin Toyota mai silinda shida, suna ya sa masa tsada. Marsandi 190 jikinta ƙarfe ne na gaske, amma injinta M103 da tsarin mansa na KE-Jetronic sai ka yi yawo kafin ka sami wanda ya iya saita shi, injin Marsandi M104 kuwa na farkon shekarun 1990 rigar wayoyinsa marmashewa take kamar ƙuli-ƙuli. K24 na Honda Accord da VR6 na Golf duk gaba suke ja, ba nasu ba ne wannan fili. Fijo 504 ina girmama ta, ita ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, kuma an yi shekara da shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna, amma lafiyayyen jikinta yau ya fi injin wuyar samu.

To, zaɓen inji shi ne mai sauƙi. Sayensa ne ake kuka. Injina na farko na saye shi a hannun wani dillali a ƙetaren iyaka, bisa cewa 2.5 ne sabon sauka daga Beljiyam. Ya sha wanki, yana ƙyalli, mutumin yana ta "Alhaji, wallahi ko ɗana ne wannan zan ba shi." Muka kawo shi Maradi, muka ɗaura, mota ta tashi lafiya amma ba ta da ƙarfin da ya kamata. Wata biyu muna canza buji da fanfon mai da na'urar auna iska. Sai ranar da aka buɗe kan injin, maigidan garejin ya sa ma'auni a silinda, ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, wannan 2.0 ne." Faɗin silindar 2.0 milimita 80 ne, na 2.5 kuwa 84. Daga waje ba ka bambanta su, tagwaye ne. Doki 150 na saya da kuɗin 192.

Ga yadda ake gane su. A jikin gangar injin, ɓangaren da iska ke shiga, can ƙasa kusa da sandar auna baƙin mai, akwai wani ɗan fili da aka buga lamba. Na 2.5 yana farawa da 25 6S, na 2.0 da 20 6S. Ka tafi da tocila da tsumma da ɗan fetur ka goge wurin da hannunka. Idan ka ga alamar an bi wurin da dutsen niƙa, ko lambobin ba su kan layi ɗaya, ko wani ya fi wani zurfi, ka saki hannun mutumin ka tafi. Nawa haka aka yi masa, an shafe sifili an buga biyar, aka bi da baƙin fenti. Takardar da aka liƙa a murfi ba shaida ba ce, murfi noti kaɗan ke riƙe da shi.

Inji mai tsabta fiye da kima abin tsoro ne. Wanda ya fito daga motar da ta yi hatsari a Turai yana zuwa da ƙurarsa da busasshen maiƙonsa. Wanda aka wanke da fetur aka fesa wa fenti mai ruwan azurfa, sau da yawa daga motar da ta gama wahala a nan yankin aka sauke shi. Duba kawunan notin kan inji da na tukunyar mai: idan sifana ta cinye gefensu, ko ka ga jan gam ya tsattsafo ta bakin gaskit, an taɓa buɗe shi. Buɗe murfin zuba baƙin mai ka leƙa. Fari-fari kamar kindirmo yana nufin ruwa ya haɗu da mai. Baƙin dasƙararren abu kamar kwalta yana nufin mai shi ba ya juye. Sa yatsa ka murza man da ke ciki, domin akwai masu zuba man giya mai kauri don ya ɓoye ƙara da hayaƙi na rabin awa, daidai lokacin da za ka biya. Cire buji shida ka jera su a ƙasa. Wanda ya fi sauran fari tas kamar an wanke shi, silindarsa na shan ruwa, kuma a M50 hakan kan nuna kan injin ya tsage ne bayan ya taɓa yin zafi.

Ka nace a sayar maka da shi haɗe da akwatin giya da sitata, don ka iya sa batir ka auna matsin kowace silinda a nan wurin. Su kai 10 ko fiye a ma'aunin matsi na "bar", kuma su yi kusa da juna. Mai kayan da ya hana ka aunawa ya riga ya ba ka amsa.

Sai wayoyi, inda ake yi wa mutane yankan ƙauna. Masu sauke inji da gaggawa sukan datse damin wayoyin da almakashi, su sayar da ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, daban. Inji ba ƙwaƙwalwarsa da cikakken daminsa rabin inji ne, ka rage kuɗin ko ka bar shi. Daga farkon 1995 kuma BMW ta sa wa motocinta makullin lantarki mai suna EWS, wanda ke hana inji tashi sai ya ga makullinsa na asali. A 2.5 mai VANOS, ƙwaƙwalwar Bosch da lambarta ta ƙare da 413 mai jar takarda ita ce mara wannan makulli, mai takarda ruwan azurfa tana da shi. Na ga wanda ya kai wata uku motarsa na kwance, an canza masa fanfon mai sau biyu, alhali makulli ne kawai babu. Su ma jajayen takardun ana liƙa na ƙarya, don haka a gwada ƙwaƙwalwar a wata mota kafin kuɗi ya fita daga aljihunka. Kayan gyara ma haka: fanfon ruwa da na'urorin auna juyin inji na jabu sun cika kasuwa cikin kwali mai kyau. Na asali tsoho ya fi sabo na jabu.

Tun da hanyar Kwatano ta Gaya ta toshe a 2023, kayan da ke zuwa ta Lome sun ƙara tsada, mutane da yawa sun koma bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano. Ko ta ina ka bi, kada ka aika kuɗi bisa hoto ko bidiyon WhatsApp. Ka je da ƙafarka, da makanikenka, ka biya masa kuɗin mota da abinci. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, ka bi ta duwan ka biya abin da ya wajaba, don ranar da za a tambaye ka takarda ba ta sanarwa.

Kuɗin da ka tanada, kada injin ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku. Birki na 325i, sababbin robobin ƙafa, waldar ƙarfafa mazaunin ƙafafun baya da ke tsagewa a E36, kejin ƙarfe a cikin mota, hular kwano da tukunyar kashe gobara, duk suna jiran sauran. Matatar iska kuma ka bar ta cikin akwatinta na asali. Buɗaɗɗiyar nan mai kama da mazurari da samari ke so saboda ƙara, ƙurar hunturu ɗaya ta ishe ta ta kai yashi cikin silinda.