Na'urar Blu-ray da ta ƙi karɓar faifan Baba

Wata biyar ke nan da na sayi na'urar Blu-ray a Adum, cikin garin Kumasi, amma har yau in na kalle ta a ƙarƙashin talabijin, yammacin washegarin babbar salla nake tunawa.

Ta hannu ce, cikin kayan da ake saukewa daga kwantena, daga Amurka aka kawo ta. Kuɗin ba sai na faɗa ba, kun san yadda kayan Adum suke yanzu. Mai shagon ya haɗa mini da ƙaramin taransifoma, saboda wutar Amurka bolt 120 ce, tamu ta Ghana kuwa 230. Tambaya ɗaya na yi masa, na kuma maimaita ta: "Alhaji, tana cin tsofaffin faifai?" Ya ce, "Malam, in dai abu zagayayye ne mai rami a tsakiya, wannan za ta ci." Sai ya saka wani faifan Blu-ray na namun daji a babban talabijin ɗinsa. Wallahi ban taɓa ganin hoto irin wannan ba. Ƙudan da ke gefen idon zaki ana ganin fukafukinsa, gashin wuyansa kuwa kamar ka miƙa hannu ka ƙirga. Faifan Blu-ray ɗaya yana ɗaukar gigabait 25, na DVD 4.7, to dole bambanci ya fito a ido. Na biya ba tare da dogon ciniki ba, ya yi mini gyara da faifai uku, na hau trotro, motar haya, zuwa Aboabo zuciyata fari tas.

Sati biyu muna jin daɗinta. Hatta DVD guda biyu da ƙanena ya taɓa aiko mana daga Amurka, da na saka su sai hoton ya fito tsaf fiye da yadda muka saba gani, don tana gyara hoton DVD ta daidaita shi da girman sabon talabijin. A nan kam na yaba mata, kuma har yanzu ban janye ba. Tsohuwar na'urarmu ta DVD da idonta ya mutu na ba yara masu sayen ƙarafa, na ce an huta.

Sai salla ta zo. Washegari da la'asar gida ya cika, ƙannena mata sun zo da 'ya'yansu daga Asawase, ana ta suyar nama a tsakar gida. Mma ta shiga ɗaki ta fito da wata jakar leda da ta naɗe da tsohon ɗankwali. Mun san abin da ke ciki. Faifan VCD ne guda biyu na ranar da Baba ya dawo daga aikin hajji a 2004, mai bidiyon unguwa ya ɗauka tun daga saukarsu a mota har walima. Baba da hannunsa ya rubuta kwanan wata a bayan faifan da baƙin alƙalami. Shekara shida da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, kuma duk babbar salla sai Mma ta kalla. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana, yadda ƙannena ke kira take kira. Ta ce, "Yaya, saka mana a sabon abin naku, yaran nan su ga kakansu."

Na saka. Na'urar ta haɗiye faifan, ta yi ɗan gurnani, ta yi shiru, sai rubutu ya fito a talabijin cewa ba ta gane faifan ba. Na fitar, na hura masa iska, na goge da gefen rigata daga tsakiya zuwa baki, na mayar. Haka dai. Na saka na biyun, shi ma haka. Na kashe wuta na kunna, na cire wayar HDMI na mayar, duk da na san ba daga nan matsalar take ba. Jikoki goma sha ɗaya suna zaune a tabarma sun zuba wa talabijin ido. Mma ba ta ce komai ba. Ta miƙo hannu na ba ta faifan, ta duba bayansa a hasken taga ko ya karce ne, ta mayar cikin leda, ta fara naɗe ɗankwalin a hankali. Abin da kawai ta ce shi ne, "Bar shi, kada ka lalata mini." Na gwammace a ce faɗa ta yi mini.

Autarmu ce ta ruga gidan maƙwabta ta aro wata 'yar ƙaramar na'urar DVD ta China, marar suna, murfinta har da salatif a jiki. Muka jona wayoyin nan uku, rawaya da fara da ja. Ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga Baba yana saukowa daga mota da hirami a kafaɗa, mutane na ta kabbara. Hoton dushi-dushi, fuskoki kamar an shafa musu ruwa, domin VCD ɗigo 352 ne a faɗi, 288 a tsaye, in aka shimfiɗa shi a babban talabijin sai ya yi dabbare-dabbare. Babu wanda ya damu. Mma ta matso da kujerarta gaba, tana nuna wa yara: wannan wane ne, wancan ya rasu, waccan ita ce ta dafa shinkafar walima. Da aka zo inda Baba yake raba dabino da zamzam yana dariya, ta sa bakin mayafi ta share ido. Na'urar da na kashe kuɗin wata guda a kanta tana gefe da 'yar fitilarta a kunne, ba ta tsinana komai ba.

Bayan salla na zauna na bi faifan gidan ɗaya bayan ɗaya, kwali biyu cike. VCD ko ɗaya ba ta karɓa ba, har da wa'azozin da Baba ya tara da finafinan Kano na da, masu faifai biyu-biyu saboda VCD ba ya wuce minti tamanin. DVD na Indiya na asali guda huɗu ta ƙi, ta rubuta cewa ba na yankinta ba ne. Ashe kamfanonin fim sun yanka duniya gunduwa-gunduwa: a DVD Amurka yanki na 1, Turai na 2, mu da Indiya na 5. A Blu-ray kuma wani rabon aka sake, Amurka A, mu da Turai B, Indiya C. Ke nan ko faifan Blu-ray na sa aka kawo mini daga Ingila, in mai kulle ne ba zai yi a tawa ba. DVD na Hausa da na Ghana kuwa ba kulle a jikinsu, amma tsarin hotonsu irin namu ne, PAL, ita kuma na Amurka, NTSC, ta sani, sai allo ya yi baƙi.

Na koma Adum. Mai shagon ya ce kayan da ya kwana biyu a gida ba a dawo da shi, wai ai DVD yake nufi. Na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah, cewa ka yi duk mai rami a tsakiya." Ya juya ya ci gaba da wani ciniki.

Daga can na kai ta wurin wani dattijo mai gyara a Alabar, ko zai iya buɗe ta. Ya saka faifan karatun Alƙur'ani na CD, ta karanta ba gardama. Ya ce, "Ka gani ɗana, idonta lafiya ƙalau. Haske uku gare ta: na CD, ja na DVD, shuɗi na Blu-ray. VCD kuwa CD ne, fim kawai aka zuba a ciki. Masu ƙera ta ne ba su koya mata ba, don a ƙasarsu ba a yi yayin VCD ba." Sannan ya sa yaronsa ya buɗe faifan Baba a kwamfuta, ya kwafo wani fayil mai suna AVSEQ01.DAT, ya canza masa ƙarshen suna, ya zuba a filashi. Aka soka filashin a gaban na'urar, sai ga Baba yana saukowa daga mota. Na yi murna ƙwarai, na yi wa dattijon godiya har da ƙari a kan kuɗinsa. Amma a hanyar gida raina ya sake ɓaci. Fim ɗin nan tana iya nuna shi, ido kuma tana da shi, abin da ya rage ɗan umarni ne da ba a ga damar saka mata ba. Mutanen da suka ajiye aurensu da sunan 'ya'yansu da saukar karatunsu a VCD, daga nan har Kano, ba a sa su a lissafi ba.

Ana cewa sabo ba ya korar tsoho a harkar faifai, wai Blu-ray da ya fito a 2006 yana tafiya da DVD. Wataƙila haka ne ga wanda ya sayi faifansa da na'urarsa a ƙasa ɗaya. A gidanmu dai na'ura biyu ce ta sa suka zauna tare, don dole na sayi irin ta maƙwabta na ɗora a kan mai tsadar. Kuma ina ma faifan Blu-ray ɗin? Na zagaya kasuwar Kejetia ban samu na Hausa ko ɗaya ba. Yaran da ke sayar da faifai a da, yanzu tura fim suke yi a waya. Ukun da aka yi mini gyara da su muke ta maimaitawa, yara har sun haddace zakin.

In za ka saya, tafi da faifanka mafi tsufa a aljihu, a saka shi a gabanka kafin ka ciro kuɗi, ka kuma juya bayan na'urar ka duba harafin yankinta. Hoton yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba, amma ni da na sani da ban saya ba.

Mma ba ta yarda da filashin ba. Ta ce wannan ɗan abin ɓata zai yi, kuma babu rubutun Baba a jiki. Faifai na biyu kuma ya fara sarƙewa daidai inda liman yake addu'ar rufe walima, ko a kwamfutar mai gyara wajen ya ƙi kwafuwa. Ranar Asabar zan kai shi wurin wani a Asafo da aka ce yana da injin goge faifai.