Kumfa ko walda: wanne ne ke ƙara wa shasin mota tauri?

Ɗan'uwa, ka ce motarka ta kwana biyu, in ka sha kwana da gudu kana jin bodin yana murɗawa yana kuka, kuma ka ji ana ɗura kumfa mai kumbura a kogunan shasi don ya yi tauri. Kana son ka san ko hakan zai wadatar, ko sai an kai ga walda. Kafin na amsa, sai mun raba kumfar, domin abu uku ne ake kira da suna ɗaya, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Ɗauki busasshen kara ka duba. Ƙarfinsa yana bayansa, a ɓawon nan mai tauri, totuwar ciki kuwa da farce ma kana lotsa ta. Amma ƙwaƙule totuwar ka lanƙwasa karan, nan take zai rufta. Totuwa ba ta ɗaukar kaya, bangon kawai take tokarewa kada ya faɗa ciki. Aikin kumfa ke nan a mota. Yawancin ƙananan motocin yau ba su da shasi na daban, bodin ne shasin: fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1 ko ƙasa da haka a wurare da yawa, aka naɗe shi ya zama kwaroro a dokin ƙofa da ginshiƙan rufi, aka haɗa da waldar ɗigo-ɗigo. A ma'aunin taurin abu da ake kira gigafaskal, ƙarfe ya kai 200, na kumfar gwangwani bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na wannan ba. Duk ribar da za a samu daga tokare bangon ne, kuma sai kumfar ta yi nauyi, ta kuma kama ƙarfen gam.

Ta farko ita ce ta gwangwani, wadda magina ke toshe kafar taga da ƙofa da ita. Wannan ka cire ta daga lissafi. Nauyinta bai wuce kilo 15 zuwa 30 a mita kubik ba, iska ce zalla. Abin da ya fi muni, da damshin iska take bushewa, shi kuwa kwaroron dokin ƙofa a rufe yake. Na taɓa yanka wanda aka cika da ita: bakin ramin ya bushe ƙam, tsakiya kuwa tana nan kamar danƙo, tana manne wa yatsa. Da na ɓanɓare ta ƙasa, ƙarfen ya jiƙe sharkaf, tsatsa na tashi falle-falle, ramukan da kamfani ya bari don ruwa ya tsiyaye duk sun toshe. Motar ba ta ƙara tauri ba, ta dai rage ƙara, shi ya sa mai ita ya ɗauka an yi aiki. Mutane da yawa nan suke ruɗuwa, kunne ya ji shiru sai zuciya ta ce shasi ya yi ƙarfi.

Ta biyu ita ce ta haɗi biyu, ruwa kala biyu da ake gaurayawa a zuba. Ita ma, kamar ta gwangwani, foliyuretan ce, sinadarin da Otto Bayer ya gano a Jamus a 1937, amma ba ta jiran iska, da kanta take dahuwa har tsakiya. Ana sayar da ita da lambar nauyi: fam 2, 4, 8 ko 16 a ƙafa kubik. Mai fam 2, wato kilo 32 a mita kubik, ta hana kwalekwale nutsewa ce, ba ta shasi ba. Daga fam 8 zuwa sama, kilo 128 zuwa 256, a nan ake fara maganar tauri, domin in ka ninka nauyin kumfa sau biyu, taurinta yakan ninku sau uku zuwa huɗu. Nauyin da take ƙara wa mota kaɗan ne, kogo mai cin lita 10 zai ɗauki kilo 1.3 na mai fam 8. Wannan tana aiki, ban musa ba, musamman a mahaɗar ginshiƙi da dokin ƙofa. Sai dai tana da sharuɗa masu tsauri. Da ka gauraya, ƙasa da minti ɗaya gare ka kafin ta fara tashi. Tana zafi yayin tashin, in kuma ka zuba fiye da kima ba ta sami mafita ba, sai ta turo fallen waje ya kumbura. Sannan cikin kogon akwai kakin hana tsatsa da ƙurar shekaru. Kumfa a kan kaki take zama, ba ta kama ƙarfe ba, totuwar da ba ta manne da bango ba kuwa rabin aiki take yi.

Ta uku ta kamfanonin ƙera mota ce, kuma ita ake kafa hujja da ita a ce ai su ma suna yi. Gaskiya ne, Henkel da Sika suna yi musu irin wannan. Amma dubi yadda ake sa ta: a kan ƙarfe sabo fil, sau da yawa ta efoksi ce, wato wani irin gam mai ƙarfi, mai nauyin ɗaruruwan kilo a mita kubik, a ɗora ta kan wani ƙashi na roba mai tauri, ta kumbura a tanderun gasa fenti a zafin digiri 160 zuwa 180. An zaɓi wurin da kwamfuta, an bar wa ruwa hanya, an yi gwajin karo. Wannan ba abin da za ka maimaita a tsohuwar mota ba ne.

To, jera kumfar haɗi biyu da aikin ƙarfe. A wajen tauri, ƙarfe ya yi gaba. Waldar kabu, inda ake bin mahaɗar fallaye ana ɗinke wajen santimita 2 zuwa 3 ana tsallakewa, tana gyara ainihin inda tsohon bodi ke motsi, wato tsakanin ɗigon waldar kamfani. Ƙarfen giciye da ake ɗaurawa tsakanin kawunan shokozoba, ko a ƙarƙashin mota, yana riƙe wurin da kumfa ba za ta taɓa kaiwa ba. A wajen wahala kuwa kumfa ta fi sauƙi, don walda na bukatar a kwashe kujeru da kafet, a kankare fenti, a sake shafa maganin tsatsa a bayan duk inda wuta ta taɓa.

Inda na fi damuwa shi ne bayan an gama. Ƙarfen giciye, in bai yi maka ba, noti huɗu ko shida ka kwance. Kumfa kuwa shiga ce ba fita. Ranar da aka bugi gefen motar, mai walda ba zai iya sa wuta a wurin ba sai ya ƙwaƙule ta kaf, domin tana kamawa da wuta, hayaƙinta kuma yana ɗauke da sayanayid da kabon monoksaid, masu kisa ne a rufaffen wuri. In ka sayar da motar, wanda ya saya bai san abin da ke ciki ba. Ga kuma kayan da ke bin waɗannan kogunan: wayoyi, tiyon da ke sauke ruwan tagar rufi, na'urar naɗe bel a gindin ginshiƙin tsakiya, da na'urar jin bugu mai tayar da jakar iska ta gefe. Dogayen ƙarafan gaba da ke riƙe inji kuwa, don Allah kada ka kusance su da kumfa ko da ƙarin walda. Da gangan aka yi su su nannaɗe a lokacin karo su shanye bugun, kuma a kan wannan nannaɗewar aka auna lokacin fashewar jakar iska.

Ni a matsayinka, da jak zan fara. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ɗaga kusurwa ɗaya ta gaba har taya ta bar ƙasa, sannan ka buɗe ƙofofi ka rufe. In suna shiga lafiya kamar da, bodin ba shi ne matsalarka ba. Duba bushin, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafafun mota, da shokozoba, sau da yawa su ne ke sa a ji mota na yawo a kwana. In ƙofa ta cije ko tana gogar baki, leƙa ƙasa da tocila, ka soki dokin ƙofa da gindin ginshiƙai da sukudireba. In ya nutse, tsatsa ce, a yanke a sa sabon ƙarfe, kumfa a nan rufe ciwo ne da ƙwarya. In ƙarfen lafiya yake kuma motar ta hawan yau da kullum ce, sa ƙarfen giciye ka tsaya nan. Kumfa mai fam 8 zuwa sama sai ga motar tsere da aka tuɓe tsirara, aka gama mata duk wata walda, aka wanke kogunanta, aka kuma bar bututun tsiyayar ruwa a ƙasa kafin a zuba.