Dashen itatuwa don barewa a gonakin farauta na Mishigan

Kawu, barka da war haka. Ga bayanin da ka nema game da yadda mutanen nan suke sayen dashe suna shukawa saboda namun daji. A jihar Mishigan ta Amurka mutum zai sayi eka 40 ko 80 na daji ba don noma ba, sai don ya harbi barewa mai farar wutsiya idan lokaci ya yi. Farautar bindiga daga 15 zuwa 30 ga Nuwamba ake yinta, da lasisi. Tun 2019 kuma an hana zuba wa barewa abinci don a jawo ta a yankin kudancin jihar, saboda wata cutar ƙwaƙwalwa da take yaɗuwa idan sun taru a wuri guda. Itacen da ya zubar da 'ya'yansa da kansa bai shiga wannan doka ba, ka ga kuwa dole kasuwar dashe ta yi armashi.

Saye ya bambanta da namu. A gida za ka tsaya a bakin titi ka zaɓi dashe a baƙar leda da ƙasarsa, ka yi ciniki, ka shuka idan damina ta zauna. A nan ofisoshin kula da ƙasa da ruwa na gundumomi ne suke karɓar oda cikin hunturu, ka je ka ɗauki kayanka a Afrilu. Dashen tsirara yake zuwa, saiwa ba ƙasa, a ɗaure dami-dami na 25 ko 50 ko 100. A jikin damin za ka ga lamba: 2-0 na nufin shekara biyu a inda aka yafa irin, 2-1 kuma an cire shi an sake dasawa ya ƙara shekara guda. Na biyun ya fi tsada, amma saiwarsa ta fi kauri, ya fi jure ciyawa. A dami ƙaramin dashe bai cika wuce dala ɗaya ko biyu ba. Aibinsa shi ne saiwar ba ta haƙuri. 'Yan mintoci a iska da rana sun isa su kashe ta, don haka a bokiti mai jiƙaƙƙen tsumma ake yawo da shi, kuma a shuka cikin 'yan kwanaki. Ramin da bai kai zurfi ba yakan sa saiwar ta lanƙwashe sama, itacen ya yi shekara biyu yana fama sannan ya bushe. Ta wannan fannin, wallahi ledarmu ta fi sauƙin sha'ani.

Abin da suka fi mu shi ne gwajin ƙasa. Jami'ar Jihar Mishigan tana sayar da ambulan da za ka zuba ƙasar gonarka ka aika, a turo maka bayanin tsaminta da takin da take buƙata. Kowane dashe kuma da lambar yankin sanyin da zai iya jurewa. Mishigan tana tsakanin 4 da 6, wanda ya sayo na yanki na 7 daga kudu ya yi asarar kuɗinsa a hunturun farko.

Wajen zaɓi, masana suna raba itatuwa gida biyu: na ɓuya da na ci. Na ɓuya dole ya zama wanda barewa ba ta so, in ba haka ba ta cinye ɗakin kwananta. Shi ya sa itacen sifurus (spruce) na Norway ya zama gwani. Ganyensa allura ne, ba ya kaɗewa da sanyi, rassansa na ƙasa suna daɗewa, suna tare iska da dusar ƙanƙara. Ana jera shi layi biyu ko uku a karkace, tazarar ƙafa 10 zuwa 12. Idan aka matse su, inuwa takan kashe rassan ƙasa, bayan shekara 20 ka tsaya a wannan gefe ka hango wancan. Itacen jan fayin (red pine) ma halinsa ke nan, yana tsawo yana tuɓe ƙasansa. Itacen farin sida (white cedar) kuwa, duk da a fadamarsa barewa take fakewa da hunturu, abincinta ne na marmari, ƙaramin dashensa ba ya kai labari sai da shinge. Jan sida ba ta cika damunsa ba, amma yana ɗauke da cutar tsatsa da take kama tuffa, don haka ba a haɗa su kusa. Kafin itatuwan su tashi, wasu kan shuka wata doguwar ciyawa mai kama da gamba, wadda take tsayawa ƙyam ko dusar ƙanƙara ta danne ta.

Na ci kuma haƙuri ne. Itacen farin ok (white oak) yana nunar da 'ya'ya a shekara guda, ba su da ɗaci sosai, barewa su take fara bi. Na jan ok sai sun shekara biyu a kan reshe, suna da bauri, amma suna daɗewa a ƙasa har tsakiyar hunturu. Duka biyun sai ka jira shekara 20 ko fiye. Kuma ba a sare musu reshe daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, don ƙwari suna kai cutar yaushi cikin sabon rauni. Mai gaggawa itacen cesnat (chestnut) na ƙasar Sin yake saye, ko wanda aka yi wa aure da shi, tunda na Amurka wata cuta da aka gano a birnin Niyok (New York) a 1904 ta kusa ƙarar da shi. Yana fara 'ya'ya a shekara uku zuwa biyar, amma ɗaya tilo ba ya haihuwa, sai biyu ko fiye, kuma ba ya son ƙasa mai riƙe ruwa. Akwai itacen fasimon (persimmon), wanda a ilimin tsirrai ɗan gidan su kanya ne, kuma kamar kanya akwai namiji akwai mace. Wanda ya sayi na iri ba zai san rabonsa ba sai bayan shekaru, shi ya sa mai aure ya fi tsada. A kudancin jihar ya fi yin kyau.

Inda kuɗi yake tafiya shi ne kariya. Yadda akuya take yi wa dashe a gida har sai an kewaye shi da ƙaya, haka barewa take yi a nan, sai dai ita bakinta yana kai ƙafa biyar. Bututun roba mai tsawon ƙafa biyar da sandarsa sun ninka kuɗin dashen sau da yawa. Mai ƙafa huɗu ɓarnar kuɗi ne, domin da toho ya leƙo za a cinye shi. Tuffa an fi yi mata keji na waya. Da kaka namijin barewa yakan goga ƙahonsa a ɓawon ƙananan itatuwa har ya kashe su, da hunturu kuma ɓeraye da zomaye suna gaigaye gindin, don haka ana naɗa masa waya mai ƙananan ido. Sai a kashe ciyawa ƙafa uku a kewaye har shekara uku. A ganina, wanda kuɗinsa ya isa dashe 500 ba kariya, gara ya sayi 50 ya kare su.

A da hukumomi da kansu sun raba wani ɗan itace daga Asiya da ake kira zaitun ɗin kaka, wai don namun daji. Tsuntsaye suka watsa irinsa, ya mamaye gonaki, yanzu doka ta hana sayar da shi a Mishigan, masu fili suna biyan kuɗi a tumɓuke musu shi. A gaishe da mutanen gida.