Na'a-na'a ko ɗoɗɗoya: wacce za ki fara shukawa?

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce a gidan haya kike a Kano, tsakar gidan siminti ne, tsofaffin bokitan fenti biyu kawai gare ki, ruwa kuma wajen 'yan garuwa kike saye. Kina tambaya tsakanin na'a-na'a da ɗoɗɗoya wacce ta fi dacewa ki fara da ita. Na daɗe ina rainon su biyun, bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Kafin ki sayi komai, ki leƙa inda za ki ajiye bokitin da misalin ƙarfe biyu na rana. Rana ce ke dukan wurin, ko inuwar katanga ta rufe shi? Rabin amsarki na nan, ɗaya rabin kuma yana cikin jarkar mai garuwa.

Danginsu ɗaya ne. Ki murza karan kowacce tsakanin yatsunki za ki ji kusurwa huɗu, ganyen kuma biyu-biyu yake fitowa suna kallon juna. Amma hali ya sha bamban. Na'a-na'a baƙuwa ce a wurinmu, asalinta ƙasashen da ba su kai mu zafi ba, can wajajen Bahar Rum, sunanta ma daga Larabci muka aro. Saiwarta ba ta nisa cikin ƙasa, shi ya sa da zarar saman ƙasar ya bushe sai ki ga ta langaɓe kamar an zuba mata ruwan zafi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana cikin daularta, ganye shar, ƙamshi har ƙofar ɗaki. Da bazara ta kama, wato Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40, sai kin ba ta ruwa safe da yamma, kuma sai kin kai ta inda ranar hantsi kaɗai za ta same ta. Idan kika yi tafiyar kwana uku a watan Afrilu ba ki bar wa kowa amanarta ba, busassun kara za ki tarar.

Ɗoɗɗoya kuwa 'yar gida ce, a ƙasashenmu masu zafi ta tashi. Ina nufin mai faɗin ganyen nan da Yarabawa ke kira efirin, wadda ake jefawa a farfesu, ba ƙaramar da wasu ke kira ganyen kori ba, don sau da yawa ana haɗa sunayen a kasuwa. Ita rana take so, aƙalla awa shida, idan kika ɓoye ta a inuwa sai ta miƙe siririya ganye tsilla-tsilla. Bayan 'yan watanni gindinta yana zama itace, ta kai miki ƙugu har ta wuce, kuma tana shekaru a wuri guda. Ki manta da ita kwana biyu, za ta yi yaushi, amma moɗa ɗaya ta ishe ta farfaɗowa kafin magariba. Da hunturu tana ja da baya, ganyen ya ƙanƙance, damina na sauka sai ta yi fashe.

To a kan ruwa ɗoɗɗoya ta yi wa na'a-na'a nisa, kuma ga mai sayen ruwa wannan ba ƙaramin zance ba ne. Dabarar da nake yi ita ce ajiye roba a wurin alwala, in tara da ruwan wankin shinkafa da na kayan miya. Ruwan wanke-wanke mai omo da maiƙo kada ya kusanci ko ɗaya.

Wajen shukawa kuwa na'a-na'a ce mai sauƙi, har ta yi yawa. Ba ki buƙatar iri. Ki sayi ƙulli ɗaya mai ɗanyen kara wajen masu kayan lambu, ki zaɓi rassa uku ko huɗu masu tsawon ɗan yatsa ko fiye, ki tsige ganyen ƙasa, ki tsoma su a kofin ruwa a inuwa kina canza ruwan duk bayan kwana biyu. Cikin mako guda zuwa kwana goma za ki ga fararen saiwoyi, sai dashe. Ɗoɗɗoya ma tana kamawa ta reshe, sai dai ta fi jinkiri kuma ba duka ke yi ba, don haka ki sa da yawa. Idan irinta kika samu, ƙanana ne kamar yashi, a barbaɗa a sama a danna da tafin hannu, ba a binne shi da zurfi.

Nan ne kuma na taɓa yin kuskuren da ba na so ki maimaita. Na haɗa na'a-na'a da ɗoɗɗoya da albasa mai lawashi a fangali ɗaya, ina ganin na yi tattalin wuri. Ashe na'a-na'a ta ƙarƙashin ƙasa take tafiya, tana tura jijiyoyi suna ɓullowa can da nisa. Kafin in ankara ta shaƙe albasar, ta kewaye gindin ɗoɗɗoyar, na yi ta tumɓuka tana dawowa, don ɗan guntun da ya rage a ƙasa sai ya sake tsiro. Ita sai bokitinta ita kaɗai. Ko a bokitin ma, bayan kamar shekara saiwar na cika shi, tsakiyar ta mutu, sai a zazzage a raba a sake dasawa da sabuwar ƙasa.

Haɗin ƙasar iri ɗaya nake yi musu: ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu kashi ɗaya. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake. Ki huda gindin bokitin wuri huɗu ko biyar da zazzafar ƙusa, in ba haka ba ruwan Agusta zai kwanta ya ruɓar da su, ɗoɗɗoya ma ta fi saurin jin wannan. Ki kuma ɗora bokitin a kan bulo, simintin tsakar gida da rana kasko ne. Da za ki samu tsohuwar randa da ta tsage, ta fi roba sanyi nesa ba kusa ba, na'a-na'a za ki ba wa.

Sai ki tambayi kanki me kika fi dafawa. Idan gidanku na shayi ne, maigida ba ya kwanciya sai ya sha, ko kina yawan haɗa zoɓo da lemon citta, na'a-na'a za ki fi tsinka, kuma tana busuwa da kyau a inuwa ki adana a kwalba. Mai fama da ƙwannafi dai ya rage shanta, tana iya tayar masa. Idan kuwa farfesun kayan ciki ko na kifi, dafa-duka, fate da miyar ganye ne suka fi yawa a tukunyarki, ɗoɗɗoya ce abokiyarki. A ƙarshen girki ake saka ta, in ta daɗe a wuta ƙamshin ya gudu. Ana cewa tana korar sauro, iyayenmu ma suna turara ta, amma ni ban ga ta ɗauke wa kowa gidan sauro ba.

Tsinka ma da bambanci. Na'a-na'a a yanke ta ƙasa-ƙasa, tana ƙara yawa ne. Ɗoɗɗoya kuwa kan reshen ake tsinkewa don ta yi rassa, kuma da kin ga fure ya leƙo ki cire, idan ta shiga yin iri ganyen raguwa yake. Ki bar reshe ɗaya kawai ya yi miki irin baɗi. Da ƙurar hunturu ki riƙa duba bayan ganye, idan kika ga ɗigo-ɗigon rawaya da siririyar yana, ki wanke da ruwa, ki fesa jiƙon ganyen darbejiya da yamma.

Da ni ce ke, da ɗoɗɗoya zan fara, in ajiye ta inda rana ta fi tsayawa. Bokiti na biyun in bar shi sai ƙarshen Oktoba idan iska ta fara sanyi, in dasa na'a-na'a a gindin katangar da ke samun inuwar yamma, ta yi ƙarfi kafin bazara ta same ta. Idan akwai kaji a gidan, ki kewaye bokitan da ƙaya ko tsohon gidan sauro tun ranar farko.